Arkimidis Na Sirakus: Masanin Da Ya Aza Harsashin Ilmin Daidaiton Nauyi

Duk ɗalibin da ya sami shiga sashen koyon aikin injiniya, ko a jami'a ko a kwalejin fasaha, tun a shekarunsa na farko zai gamu da wani darasi da ake kira sitatiks, watau ilmin daidaiton nauyi. Shi ne ilmin da ke bayyana dalilin da ya sa gada take tsayawa a kan ginshiƙanta, rufin soro yake zama a kan azara, tankin ruwa kuma yake tabbata a bisa ƙafafunsa ba tare da ya rikito ba. Ɗalibai da yawa sukan zaci ilmi ne na jiya-jiya wanda ya zo tare da siminti da rodi. Alhali kuwa an aza harsashinsa fiye da shekara 2,200 da suka wuce, a wani birni na bakin teku cikin tsibirin Sisili, a hannun wani Bagirke mai suna Arkimidis.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Arkimidis wajen shekara ta 287 kafin Miladiyya a birnin Sirakus, wanda ke gabashin tsibirin Sisili, kudu da ƙasar Italiya. Ko da yake a yau tsibirin yana cikin Italiya, a wancan zamani Sirakus birnin Girkawa ne, domin mutanen Korinti ne suka kafa shi wajen shekara ta 734 kafin Miladiyya, ya kuma bunƙasa har ya zama ɗaya daga cikin manyan biranen Girkawa masu arziki da ƙarfin jiragen ruwa. Sunan mahaifinsa Fidiyas, masanin taurari, kamar yadda shi Arkimidis ɗin ya ambata a cikin ɗaya daga littattafansa. Sarkin da ya mulki birnin a mafi yawan rayuwarsa shi ne Hiyero na Biyu, wanda marubucin tarihin nan Fulutak ya ce akwai zumunta da aminci a tsakaninsu.

A zamanin nan cibiyar ilmi ta duniyar Girkawa ita ce Iskandariya ta ƙasar Masar, inda babban ɗakin ajiye littattafai yake, inda kuma Uklidis ya koyar da ilmin siffofi da awo. Marubucin tarihi Diyodoras ya ce Arkimidis ya je Masar, kuma a can ne ya ƙago wata na'ura ta ɗaga ruwa, watau bututu mai murɗaɗɗen fiffike a cikinsa wanda idan aka juya shi yakan hau da ruwa daga kogi zuwa gona. Har yanzu ana amfani da irinta a wuraren tace ruwan datti da kwashe ruwa daga ƙasa mai kwari. Bayan ya zauna a garinsu bai yanke hulɗa da malaman Iskandariya ba. Yawancin littattafansa wasiƙu ne da ya aika musu, musamman ga Dositiyas da Eratostenis, shugaban ɗakin littattafan, wanda ya shahara da auna kewayen duniya.

Ƙa'idar sanda da matokara

Tun kafin a haifi Arkimidis mutane sun san cewa doguwar sanda tana ɗaga dutsen da ya fi ƙarfin hannu. Manoman Masar sun daɗe suna ban ruwa da jigo, irin wanda masu lambu suka sani a fadamun ƙasar Hausa, 'yan kasuwa kuma suna awo da sikeli. Abin da ba a yi ba shi ne a tabbatar da ƙa'idar ta hanyar hujja, mataki bayan mataki, yadda za a iya lissafa sakamako tun kafin a taɓa sanda. Wannan shi ne aikin da ya yi a littafinsa mai juzu'i biyu a kan daidaiton shimfiɗaɗɗun siffofi.

Ya fara da shimfiɗa ƙa'idoji bakwai waɗanda hankali ba zai musanta ba. Ta farko tana nuna cewa idan aka rataye nauyi iri ɗaya a gefe biyu na sanda, kowanne da nisa iri ɗaya daga matokara, sanda za ta tsaya daidai. Idan kuwa nisan ya bambanta, za ta karkata wajen wanda ya fi nisa. Daga waɗannan ya fito da babbar ƙa'ida, cewa abubuwa biyu masu bambancin nauyi suna daidaita idan mai nauyin ya matso kusa da matokara, marar nauyin ya yi nisa, gwargwadon bambancin nauyinsu. A lissafin yau sai a ce, nauyi sau nisa a hagu ya zama daidai da nauyi sau nisa a dama. Kaya mai kilo 60 a nisan mita 1 zai daidaita da mai kilo 20 a nisan mita 3, domin kowane gefe ya ba da 60.

Hanyar da ya bi wajen kawo hujja ta cancanci ɗalibi ya tsaya ya dube ta. A ɗauki kaya biyu, ɗaya kilo 4, ɗaya kilo 2. A rarraba su gida shida, kowane gida kilo ɗaya, a jera a kan sanda marar nauyi, tsakanin kowanne da na kusa da shi mita ɗaya. Tun da jerin ya yi daidai a ko'ina, babu shakka sandar za ta tsaya idan aka tokare ta a tsakiya, watau tsakanin na uku da na huɗu. To, sai a tattara huɗun farko wuri guda a tsakiyarsu, tsakanin na biyu da na uku. A tattara biyun ƙarshe su ma a tsakiyarsu, tsakanin na biyar da na shida. Daidaito bai ɓaci ba, domin kowane tari yana nan a cibiyarsa. Idan aka auna za a tarar tarin kilo 4 yana mita 1 daga matokara, tarin kilo 2 kuma yana mita 2. Huɗu sau ɗaya daidai yake da biyu sau biyu. Ta haka ƙa'idar ta fito daga abin da kowa ya riga ya yarda da shi.

Wannan nauyi sau nisa shi ne abin da injiniyoyi ke kira ƙarfin juyi, kuma da shi suke lissafin kowace rana. Misali, a ce an ɗora katako mai tsawon mita 6 a kan bango biyu, aka aza masa kaya mai kilo 900 a nisan mita 2 daga bangon hagu. Idan aka bar nauyin katakon kansa a gefe, aka ɗauki bangon hagu a matsayin matokara, 900 sau 2 ya ba da 1,800, wanda idan aka raba shi da 6 zai nuna bangon dama yana ɗauke da kilo 300. Sauran kilo 600 suna kan bangon hagu. Maginin da ya zaci bangon biyu sun raba kayan rabi da rabi ya ɗora wa bangon hagu kilo 150 fiye da abin da ya yi masa tanadi.

Cibiyar nauyi

Abu na biyu da Arkimidis ya kafa a wannan littafi shi ne batun cibiyar nauyi, watau wurin nan guda ɗaya a jikin abu wanda idan aka tokare shi a nan zai tsaya ba tare da ya karkata ko'ina ba, kamar dai dukan nauyinsa ya taru a wurin. Ya nuna inda wannan cibiya take a siffofi daban-daban. A alwatika, watau siffa mai kusurwa uku, idan aka ja layi daga kowace kusurwa zuwa tsakiyar gefen da ke fuskantarta, layukan uku suna haɗuwa wuri ɗaya, kuma nan ne cibiyar. Tana a kashi ɗaya cikin uku na tsayin siffar idan an auna daga gindi. A juzu'i na biyu ya wuce zuwa siffar da ta fi wuya, mai lanƙwasasshen gefe, wadda ake kira farabola.

Amfanin wannan a fili yake. Abu yana tsayawa ne muddin layin da ya sauko tsaye daga cibiyar nauyinsa ya faɗa cikin faɗin gindinsa. Da zarar layin ya fita waje, sai faɗuwa. Shi ya sa babbar motar da aka yi wa lodi har ya zarce bodi take saurin kifewa a kan hanya mai gangara ta gefe: cibiyar nauyinta ta hau sama, ɗan karkata kaɗan ya isa ya fitar da layin daga tsakanin tayoyinta. Da wannan lissafi ne kuma ake tabbatar da cewa bangon madatsar ruwa ba zai tuntsure ba.

Jirgin sarki da kambin zinariya

Fulutak ya ba da labari cewa Arkimidis ya rubuta wa Sarki Hiyero yana mai da'awar cewa babu nauyin da ƙaramin ƙarfi ba zai motsa ba, har ma duniya kanta, da za a sami wata duniyar da mutum zai tsaya a kai. Sarki ya nemi ya gani da idonsa. Aka jawo wani jirgin ruwa na sarki zuwa tudu da ƙyar, aka cika shi da kaya da mutane. Arkimidis ya zauna can nesa, ya riƙa jan igiya wadda ta bi ta kan jerin ƙananan ƙafafu masu juyawa, irin waɗanda makanikai ke kira fuli, jirgi ya taho a hankali kamar yana bisa ruwa. Asirin abin ba sihiri ba ne. Idan zaren igiya huɗu ne suke riƙe da kaya, mai ja yana bukatar kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin, amma tilas ya ja igiya mai tsawon ninki huɗu. Haka ma sandar ƙarfe: dutse mai kilo 300 a nisan santimita 20 daga matokara zai ɗagu da ƙarfin kilo 30 a nisan mita 2, sai dai hannu zai yi tafiya ninki goma na tafiyar dutsen. Abin da aka samu a ƙarfi an biya shi a tazara.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne na kambi, wanda Bitrubiyas, masanin gine-gine na Rum, ya rubuta kimanin shekara 200 bayan mutuwar Arkimidis. Sarki ya ba wani maƙeri zinariya ya ƙera kambi, daga baya ya yi zargin an sace wani kashi an cike gurbin da azurfa, ya umarci Arkimidis ya binciko ba tare da an fasa kambin ba. Yana shiga kwamin wanka ya ga ruwa ya tumbatsa gwargwadon jikinsa da ya nutse, sai ya fita a guje ko tufafi bai tsaya sawa ba. Zinariya ta fi azurfa danƙarewa: kilo ɗaya na zinariya yana ture ruwa kimanin mililita 52, na azurfa kuwa kimanin 95. Kambin da aka gauraya zai ture ruwa fiye da tsantsar zinariya mai nauyinsa.

Wannan labari ba ya cikin littattafan Arkimidis. Abin da yake ciki ya fi shi daraja, watau littafinsa a kan abubuwa masu iyo, inda ya tabbatar da cewa duk abin da aka tsoma a ruwa nauyinsa yana raguwa daidai da nauyin ruwan da ya ture, abin da ke iyo kuma yana nutsewa ne har ya ture ruwa mai nauyinsa. A juzu'i na biyu ya yi nazarin yanayin da abu mai iyo zai koma daidai idan an karkata shi, da yanayin da zai kife. Maƙeran jiragen ruwa har yau a kan wannan suke gini.

Gwanintarsa a lissafi

Shi kansa ya fi daraja tsantsar lissafi a kan na'urori. Ta hanyar zana siffa mai gefe 96 a cikin da'ira da wajenta, ya nuna cewa kewayen da'ira ya fi faɗinta sau 3 da 10/71, amma bai kai sau 3 da 1/7 ba. Daga nan ne 22/7 da ake koya wa 'yan makaranta ta samo asali. Ya kuma tabbatar da cewa idan aka saka ƙwallo a cikin silinda, watau siffa mai kama da gwangwani, wadda ta yi masa cif a faɗi da tsayi, ƙwallon yana cin kashi biyu cikin uku na cikinta. Wannan sakamako ya faranta masa rai har ya yi wasiyya a zana siffar a kan kabarinsa. A wani littafi da ya rubuta wa Gelon, ɗan Sarki Hiyero, ya tsara hanyar ambaton manyan lambobi, ya nuna cewa ko ƙwayoyin rairayin da za su cika sararin samaniya suna ƙidayuwa.

Yaƙin Sirakus

Hiyero ya yi shekaru da yawa yana amana da Rumawa. Amma a shekara ta 218 kafin Miladiyya yaƙi na biyu ya ɓarke tsakanin Rum da Kartaj, birnin da kufansa ke ƙasar Tunisiya a yau. A 216 Hanibal, jarumin Kartaj, ya yi wa rundunar Rum kaca-kaca a Kane. Da Hiyero ya mutu a 215, jikansa Hiyeronimas ya juya wa Rum baya ya koma wajen Kartaj. An kashe shi a 214, amma waɗanda suka karɓi ragamar birnin suka ci gaba da wannan manufa. Saboda haka a 213 Rumawa suka kawo hari ta tudu da ta teku, Markus Kilaudiyas Marselas yana jagorantar jiragen yaƙi 60.

A lokacin Arkimidis ya haura shekara 70, kuma shi ne ya tsara tsaron ganuwa. Marubutan tarihi uku, Folibiyas da Libi da Fulutak, sun bayyana abin da Rumawa suka tarar. Akwai manyan majaujawa masu jifa nesa da ƙanana masu jifa kusa, yadda babu tazarar da jirgi zai tsira. An huda ganuwa da ƙananan ramuka inda maharba suke harbi a ɓoye. Akwai kuma dogayen katakai da ke miƙowa ta kan ganuwa, waɗansu suna sako manyan duwatsu, waɗansu kuma suna da ƙugiyar ƙarfe a bakin sarƙa wadda take cafke goshin jirgi. Idan aka danne ɗaya ƙarshen katakon daga cikin birni sai jirgi ya ɗagu ya tsaya a kan gindinsa, a sake shi ya faɗa ya cika da ruwa. Wannan ba wani abu ba ne illa sanda da matokara. Labarin ƙona jirage da madubai kuwa babu shi a wajen waɗannan marubuta uku. Marubutan baya ne suka kawo shi.

Da hari ya faskara, Rumawa suka koma ga kewaye birnin don yunwa ta ci shi. A 212, a daren wani biki na gunkiyar Atemis, masu gadi sun sha sun bugu, sojojin Marselas suka haura ganuwa da tsani. Bayan 'yan watanni sauran unguwanni suka faɗi, aka shiga wasoso. Libi ya ce a cikin wannan hargitsi wani soja da bai san ko wane ne shi ba ya tarar da Arkimidis ya duƙufa a kan siffofin da ya zana a ƙasa, ya kashe shi. Yana da kimanin shekara 75. Marselas ya yi baƙin ciki, ya sa aka binne shi da girmamawa, ya kuma nemi danginsa ya kyautata musu. A shekara ta 75 kafin Miladiyya, Sisero, wanda ke riƙe da muƙamin ma'aji na Rum a Sisili, ya nemo kabarin ya same shi ƙaya da ciyawa sun rufe shi. Da zanen ƙwallo da silinda ya gane shi.

Yadda ilminsa ya iso yau

Littattafansa sun sha wuya kafin su tsira. Malaman Bagadaza sun fassara waɗansu zuwa Larabci, har akwai ayyukan da ake danganta masa waɗanda ta Larabci kaɗai suka wanzu. Sabit bin Kurra, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 901, ya rubuta littafi a kan sikeli mai hannu ɗaya dogo ɗaya gajere, aka fassara shi zuwa Latin a ƙarni na 12. Alkhazini na birnin Marwa ya kammala littafinsa Mizanul Hikma wajen 1121, inda ya yi bayanin sikelin da ke bambance tsantsar ƙarfe da gauraye ta hanyar awo a cikin ruwa. A Turai, Wiliyam na Morbeke ya fassara Arkimidis daga Girkanci zuwa Latin a 1269, aka kuma buga littattafan da injin ɗab'i a birnin Basel a 1544.

Daga nan gini ya ci gaba. Arkimidis ya yi aiki ne da nauyin da ke ja ƙasa kai tsaye. A 1586 Simon Stebin, ɗan yankin Filandas, ya warware batun kaya a kan gangara da ƙarfin da ke ja a karkace. A 1687 Niyuton na Ingila da Barinyon na Faransa, kowanne a littafinsa, suka bayyana yadda ake haɗa ƙarfi biyu masu fuska dabam-dabam su zama ɗaya. Abin da ɗalibi ke koya yau shi ne taƙaitawar duk wannan: a ware abin da ake nazari a zana shi shi kaɗai, a nuna kowane ƙarfi da ke taɓa shi, sa'an nan a tabbatar da sharuɗɗa uku. Masu turawa dama su yi daidai da masu turawa hagu, masu dannawa ƙasa su yi daidai da masu tokarewa sama, ƙarfin juyi ta wannan fuska kuma ya yi daidai da na waccan. Sharaɗi na uku gadon Arkimidis ne kai tsaye.

Akwai wani littafinsa da ya ɓace ɗaruruwan shekaru. An kwafe shi a kan fata a ƙarni na 10, amma a 1229 aka kankare rubutun aka mai da fatun littafin addu'o'in coci. A 1906 wani malami ɗan Denmak mai suna Haibag ya duba littafin a Santambul, ya hango tsohon rubutun a ƙarƙashin sabon. A 1998 aka sayar da shi a gwanjo a Niyu Yok a kan dala miliyan biyu, masana kuma suka yi shekara goma suna karanta shi da hasken na'urori a birnin Baltimo. A cikinsa Arkimidis ya bayyana wa Eratostenis yadda yake gano amsoshinsa tun kafin ya kawo musu hujja: yakan yanka siffa a zuci siriri-siriri, ya rataye yankunan a kan sikeli na tunani, ya daidaita su da na wata siffar da aka riga aka san girmanta. Ashe ƙa'idar sanda da matokara ita ce makaminsa har a tsantsar lissafi, kuma hanyar ta yi kusa da lissafin kalkulas wanda Niyuton da Laibniz suka kafa a ƙarni na 17.

Lambar yabo ta Fields, wadda ake ba gwanayen lissafi na duniya tun 1936, tana ɗauke da hoton kansa. Amma inda aka fi amfani da aikinsa shi ne ofisoshin ma'aikatun ayyuka da azuzuwan ɗalibai. Ma'aikacin da ke sa hannu a kan taswirar bene, da ɗalibin da zai gaje shi gobe, rayukan mutane suna rataye ne a kan lissafinsu, domin ginin da nauyinsa bai daidaita a takarda ba, ba zai daidaita a ƙasa ba. Ya kamata ɗalibin da ya fara wannan darasi ya bi hanyar da Arkimidis ya bi: ya fara daga abin da ya tabbata, ya zana, ya auna nisa daga matokara, kada kuma ya wuce mataki sai ya gamsu da hujjarsa.